Yadda Shugaba Zai Sa Ma'aikatansa Su Daina Ɓoye Masa Gaskiya

Na taɓa aiki a ƙarƙashin wani shugaba da ba a shiga ofishinsa sai an tsaya wurin sakatariyarsa an yi ƙasa da murya an tambaya, "Yaya fuskar oga yau?" In ta girgiza kai, sai mutum ya juya da fayil ɗinsa ya koma. Wata rana wani abokin aikinmu ya gano kuskuren lissafi a rahoton da aka riga aka aika wa masu ba mu aiki. Mako uku yana yawo da maganar a cikinsa, kullum yana jiran ranar da fuskar za ta sake. Kafin ranar ta zo, mutanen sun gano kuskuren da kansu. Shugaban nan ba mugu ba ne, yana da ƙwazo kuma yana son aikin ya yi kyau. Abin da bai sani ba shi ne, shi ne na ƙarshe da ke jin duk abin da ke faruwa a ma'aikatar da yake shugabanta.

Tun daga lokacin na fahimci cewa yawancin jarumtar da ake nema wurin shugaba tana cikin ƙananan abubuwa na yau da kullum: ya iya jin abin da ba ya so ba tare da ya huce a kan wanda ya kawo ba, ya iya cewa "na yi kuskure" a gaban na ƙasa da shi, ya iya kiran mutum ya faɗa masa gaskiya ido da ido. Amana da girmama juna da son neman sani duk a kan wannan suke tsirowa. Ga matakan da nake ganin sun fi aiki, a jere kamar yadda ya kamata a bi su.

Mataki na farko: ka fara sanin inda kake

Ka zauna kai kaɗai da takarda ka amsa tambayoyi uku. Yaushe rabon da wani ya kawo maka mummunan labari tun kafin ka gano shi da kanka? Yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya ce maka "ban yarda da wannan ba" a cikin taro? Wane ne a cikin mutanenka ba ka ji muryarsa ba tun wata guda? In ka kasa tuna amsar biyun farko, kada ka ɗauka lafiya ce ta kawo shirun.

Amy Edmondson, malama a jami'ar Harvard ta Amurka, ta ci karo da wannan tun tana ɗaliba. Ta shiga wani bincike a asibitoci kan kurakuran ba da magani, tana zaton sassan da ma'aikatansu suka fi haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna mata akasin haka: sassan da suka fi haɗin kai sun fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da aka bi diddigi, sai aka ga a waɗannan sassan ne ma'aikata ba sa tsoron faɗa in sun yi kuskure, a sauran kuwa ana rufewa ne. A 1999 ta wallafa wani bincike kan rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfani, wanda ya yaɗa tunanin da za mu iya kira kwanciyar hankalin faɗin gaskiya, wato mutum ya tabbata ba za a wulaƙanta shi ba don ya yi tambaya, ko ya amsa kuskure, ko ya kawo wani ra'ayi dabam. Kamfanin Google ma da ya fara nazarin rukunoninsa 180 a 2012 don gano abin da ya sa wasu suka fi wasu, wannan abin ne ya fito a kan gaba.

Saboda haka in littafin koke-kokenka fari ne tas, ka sa alamar tambaya a kansa.

Mataki na biyu: ka mallaki fuskarka lokacin da mummunan labari ya iso

A nan zan fi daɗewa, don duk sauran matakan a kan wannan suka dogara. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu fuskar da ake karantawa a ma'aikata kamar ta shugaba. Daƙiƙa goma na farko bayan an faɗa maka abin da ya lalace su ne za su yanke ko za a sake faɗa maka wani nan gaba. Wanda ya kawo labarin yana kallonka, kuma zai ba sauran labarin yadda aka yi kafin a tashi aiki.

Lokacin da Alan Mulally ya bar kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya karɓi shugabancin kamfanin motoci na Ford a 2006, kamfanin na kan hanyar asarar sama da dala biliyan 12 a shekarar. Ya kafa taro duk ranar Alhamis inda kowane babban manaja zai nuna ayyukansa da launi: kore in komai na tafiya daidai, ɗorawa in akwai damuwa, ja in an shiga matsala. Makonni suka wuce kowa kore yake kawowa, a kamfanin da ke zubar da kuɗi haka. Daga baya Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya sa ja a kan sabuwar motar Edge, saboda an samu matsala a ƙofarta ta baya har an dakatar da fitar da ita. Ɗakin ya yi tsit, don a al'adar wurin wanda ya kawo irin wannan labari kujerarsa ce ke rawa. Mulally sai ya tafa masa, sannan ya tambayi wa zai iya taimakawa. Ba a daɗe ba takardun taron suka cika da ja da ɗorawa. Fields ɗin nan shi ya gaji Mulally a 2014.

Ga yadda za ka yi a aikace. In mutum ya shigo ya ce, "Yallaɓai, akwai matsala," ka ajiye wayar da ke hannunka, ka juyo da jikinka gaba ɗaya, ka nuna masa kujera. Kalmarka ta farko ta zama godiya: "Na gode da ka faɗa mini da wuri." Ko da ba da wuri ba ne, ka gode masa da ya faɗa. Sannan ka tambayi abin da ya faru, daga farko har ƙarshe, ba tare da ka katse shi ba. Sannan ka tambayi abin da ya kamata a yi yanzu don a tsayar da ɓarnar, da irin taimakon da yake buƙata daga gare ka. Tambayar "wa ya yi?" ka ajiye ta sai gobe. In ka fara da ita, duk wanda ke wurin zai koma kare kansa, kuma ba za ka ƙara jin cikakken labari ba.

In ka ji ranka ya ɓaci har ba za ka iya riƙewa ba, ka ce, "Ba ni minti goma, zan neme ka." Ka fita ka sha iska ka dawo. Magana zarar bunu ce, kuma wadda shugaba ya furta cikin fushi ma'aikaci na iya riƙe ta shekara biyar.

Wani zai ce, to ai wannan sakaci zai haifar. A'a, matuƙar ka raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai kuskuren da kowa zai iya yi, musamman in tsarin aikin ne ya ba da ƙofa. Wannan tsarin ake gyarawa. Akwai ganganci, mutum ya san hanya ya bi ta gajeriya; wannan magana ake yi da shi, a ja masa kunne. Akwai kuma ha'inci da gangan, kamar sata ko ƙirƙirar takardun ƙarya; wannan hukunci ne, kuma ma'aikata nagari su ne za su fi kowa jin daɗin ganin an hukunta. Ka bayyana wa mutanenka wannan rabe-raben tun kafin wani abu ya faru. Ka ƙara musu da cewa ɓoye kuskure ya fi kuskuren kansa nauyi a wurinka.

A masana'antun Toyota akwai igiya a saman layin haɗa motoci wadda kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, yake da ikon ja in ya ga abin da bai yi daidai ba. Da ya ja, shugaban rukuninsa zai taho da sauri ya taimaka, in ba a warware ba layin ya tsaya. Ka tambayi kanka mece ce igiyar a wurin aikinka. Tana iya zama lambar wayarka da izinin a kira ka kai tsaye, ko minti biyar na farkon taron safe da aka keɓe don abin da ya cije kawai.

Mataki na uku: ka fara buɗe naka

Ba wanda zai amsa kuskure a gaban shugaban da bai taɓa amsa nasa ba. A taro na gaba ka ɗauko wata shawara da ka yanke wadda ba ta haifar da ɗa mai ido ba, ka faɗe ta a taƙaice: "Ni na ce a yi kaza, Malama ta gargaɗe ni ban saurara ba, ga abin da ya jawo mana, ga yadda zan yi nan gaba." Kada ka bi ta da "amma", kada kuma ka mai da ita doguwar huɗuba. Haka nan ka koyi cewa "ban sani ba, wa ya sani a cikinku?" Girmanka ba zai zube ba. Mutanenka sun riga sun san abin da ba ka sani ba, jira kawai suke su ga ko za ka faɗa.

Mataki na huɗu: ka sauya yadda kake tafiyar da taro

Ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashin jirage a tsibirin Tenerife cikin hazo mai kauri. Mutum 583 suka rasu. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa lokacin da jirgin KLM ya fara gudun tashi, injiniyan cikinsa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya fita daga titin. Kyaftin ɗin, wanda yake cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa e, aka ci gaba. Injiniyan bai sake magana ba. Wannan haɗari da wasu irinsa su suka sa kamfanonin jiragen sama suka fara koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja da kyaftin a fili, su kuma kyaftin yadda za su saurara.

Teburin taronka ba jirgi ba ne, amma nauyin bakin iri ɗaya ne. Don haka ka riƙa yin magana a ƙarshe. Da zarar shugaba ya faɗi ra'ayinsa, sauran sai su koma neman hanyar goyon baya. Ka gabatar da matsalar, ka ba kowa minti uku ya rubuta nasa a takarda, sannan ka fara da mafi ƙanƙanta a muƙami. Ka daina tambayar "akwai mai magana?", don amsarta kullum shiru ce. Ka ce, "Me na manta?" ko "In wannan shirin zai karye, ta ina zai karye?" Bayan ka tambaya ka yi shiru ka ƙirga goma a zuciyarka. Shirun zai yi maka nauyi, ka daure; galibi wajen bakwai ko takwas wani zai yi gyaran murya.

Kafin a fara babban aiki, ka gwada dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007. A ce wa kowa, "Mu ƙaddara shekara ta zagayo, aikin nan ya rushe warwas. Kowa ya rubuta dalilin da ya sa." Da yake kai ka nemi a kawo aibin, wanda ya kawo ba zai ji kamar yana yi maka zagon ƙasa ba. Ka tattara takardun, ka ɗauki uku mafi haɗari, ka ɗora wa kowanne mai lura da shi.

Mataki na biyar: ka riƙe ƙananan alkawura

Alkawari kaya ne, kuma wanda ya fi zubar da shugabanni shi ne ɗan ƙaramin nan na kan hanya: "Zan duba," "Ka tuna mini gobe," "Zan yi magana da su." Kai ka manta kafin ka kai bakin ƙofa, shi kuwa ma'aikacin yana ƙirga kwanaki. Ka ajiye ƙaramin littafi ko shafi a wayarka, duk abin da ka ce za ka yi ka rubuta shi nan take a gaban mai shi, da rana. Duk ƙarshen mako ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gagara ka koma ka ce ya gagara, ga dalili. Mutane na yafe "ban samu ba" fiye da yadda suke yafe shiru.

Abu biyu kuma da ke kashe yarda cikin dare ɗaya: ka yi maganar wani ma'aikaci da wani a bayan idonsa, ko sirrin da aka ba ka ya fito ta bakin wani. Wanda kake ba labarin ya san gobe shi ne abin hira.

Mataki na shida: girmamawa da za a gani da ido

Ka san sunan kowa, har mai shara da mai gadi da direba, ka kuma gaishe su da shi. A jerin abubuwan dubawa kafin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, akwai wurin da aka ce kafin a sa wuƙa kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Wanda aka ji muryarsa sau ɗaya ya fi samun sauƙin buɗe baki karo na biyu in ya ga abin da ba daidai ba.

Yabo a gaban jama'a, gyara a keɓe. In za ka kai aiki sama, ka ambaci wanda ya yi shi da suna. In kana ganawa da mutum kada idonka ya riƙa komawa kan kwamfuta.

Inda jarumta ke shigowa a nan shi ne batun gwanin da ke taka mutane. Kusan kowace ma'aikata na da shi: aikinsa babu na biyu, amma yana yi wa na ƙasa tsawa, yana katse mata in suna magana, yana raina tambayar sabon ɗauka. Shugabanni da yawa na kau da kai don suna tsoron rasa shi. Duk ranar da ka kau da kai, sauran sun gane cewa maganar mutunci da kake yi tana da farashi. Ka kira shi, ka faɗa masa abin da ka gani, ka ba shi wa'adi. In bai sauya ba ka ɗauki mataki, ko da aikin zai yi tangal-tangal na ɗan lokaci.

Mataki na bakwai: maganar da kake ta ɗagawa

Akwai mutum ɗaya da ka san ya kamata ka zauna da shi tun watanni, kana ta cewa sai an samu lokaci. Ka sa rana a cikin makon nan. Kafin ranar ka rubuta abu ɗaya tak da kake so ya sauya, da misali biyu masu kwanan wata. Ka guji "kullum kai haka kake" da "ba ka taɓa". A zaman, bayan gaisuwa, ka shiga maganar kai tsaye: "Malam, rahoton Litinin da na Alhamis sun zo bayan lokaci, hakan ya sa sashen kuɗi suka kwana a ofis. Ina so in ji daga bakinka, me ke faruwa?" Daga nan ka saurara da gaske. Sau da yawa za ka tarar da abin da ba ka zata ba: rashin lafiya a gida, ko umarni biyu masu karo da juna da kai da mataimakinka kuka ba shi. Ku tashi da yarjejeniya a kan abin da zai yi, da abin da za ka yi, da ranar da za ku sake zama. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ya kamata ya ji haka a muryarka.

Mataki na takwas: ka mai da tambaya al'adar wurin

Son sani ba ya rayuwa inda ake dariyar mai tambaya, shi ya sa na ajiye shi nan bayan an share masa fili. Taiichi Ohno na Toyota ya koya wa mutanensa su tambayi "me ya sa?" sau biyar. Misalinsa shi ne injin da ya tsaya. Me ya sa? Fis ya ƙone don nauyi ya yi yawa. Me ya sa? Mai bai isa inda ƙarfe ke juyawa ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turawa sosai. Me ya sa? Sandarsa ta cinye. Me ya sa? Ba a sa matata ba, ɓarɓashin ƙarfe na shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko fis zai sauya, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa. Ka lura duk tambayoyin a kan injin suke, babu wadda ta nufi wuyan wani.

Bayan kowane aiki, ko ya yi kyau ko bai yi ba, ku zauna minti ashirin da tambayoyi huɗu irin waɗanda sojojin Amurka ke amfani da su bayan atisaye: me muka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za mu riƙe ko mu sauya. Sau ɗaya a wata ka je ka zauna awa guda kusa da mai karɓar kwastomomi ko mai shigar da bayanai, ka ce ya nuna maka abin da ya fi ɓata masa lokaci. Sabon ma'aikaci kuma ka neme shi a ƙarshen watansa na farko ka tambaye shi abin da ya ba shi mamaki a yadda kuke aiki, don nan da wata shida idonsa zai saba ya daina gani. In wani ya kawo shawara, ka ba shi damar gwada ta a ƙaramin wuri na mako biyu, a dawo a duba.

Mataki na tara: ka tsaya musu a gaban na sama da kai

Duk abin da ka gina a ƙasa zai rushe ranar da mutanenka suka ga ka saki hannunsu a gaban manya. Daren da ya gabaci harba kumbon Challenger ranar 28 ga Janairu 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, ciki har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba cikin sanyin da ake hasashe. Da matsin lamba ya yi yawa, manajojinsu suka janye gargaɗin suka amince a harba. Allan McDonald, wakilin kamfanin a wurin harbawa, ya ƙi sa hannu. Kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Injiniyoyin sun yi nasu, sun faɗa. Maganar ta mutu ne a hannun waɗanda ke tsakiya.

In kai ne a tsakiya, ga abin yi. Ka kai damuwar sama a rubuce, cikin ladabi, da hujja da alƙaluma, da abin da kake ba da shawarar a yi a maimako. In laifi ya fito daga sashenka, ka ce "sashena ne, ni ke da alhaki," ka koma gida ku gyara tsakaninku. In an yanke hukuncin da ba ka so amma bai saɓa wa doka ko lafiyar mutane ba, ka dawo ka faɗa wa mutanenka gaskiya: na kai, ga abin da na ce, ga abin da aka yanke, ga dalilinsu. In kuwa ya taɓa rai ko ya zama ha'inci, kada hannunka ya hau takardar, ka kuma ajiye kwafin abin da ka rubuta.

Kada ka yi tsammanin sauyi a makon farko, musamman in an daɗe ana tsoronka. Za su fara gwada ka da ƙaramin abu, wata 'yar matsala da ba ta kai ta kawo ba, su ga yadda za ka yi. Wanda ya fara kawo ta, ka gode masa a taro na gaba da sunansa, ka kuma nuna wa kowa abin da aka gyara saboda maganarsa.